Wa Ya Miƙa wa Wani Goro a Bungudu?

Zuwa ga Malam Jibo, mai wannan fili,

Assalamu alaikum. Ina neman taimakonka a kan wata shaida da aka ɗora mini, wadda za ta iya raba yaro da makaranta ana saura 'yan watanni ya gama. Zan fara da abin da idona ya gani, domin shi kaɗai nake da iko a kansa.

Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, ina dawowa daga duba irin gyaɗa a Bungudu, na tsaya a gindin wata tsamiya don in gyara ɗaurin kaya a babur ɗina. Daga nan na hangi ƙofar gidan wani tsoho mai suna Dalhatu, mai gangar noma, wanda yake yi wa manoma kiɗa a wurin gayya. Yana zaune a tabarma, gangar tana jingine da gwiwarsa. A gabansa akwai saurayi a durƙushe, da farar rigar makaranta, ya tuɓe takalma ya ajiye gefe. Saurayin nan Hamidu ne, ɗan wana, ɗan aji biyar a wata sakandaren kwana a nan Gusau. Tsohon yakan buga kaɗan ya tsaya, Hamidu ya rubuta wani abu a takarda, sa'an nan ya maimaita bugun da tafin hannu a cinyarsa. Sau ɗaya aka miƙa masa icen kiɗan ya buga da kansa, tsohon ya girgiza kai ya karɓe abinsa. Na ji Hamidu ya kira shi Malam, iska ta kawo mini kalmar sarai. Da za su rabu, Dalhatu ya ba shi farin goro. Ban yi sallama ba. Na tura babur ɗin har bayan gari kafin in tayar da shi.

Ya kamata ka san ko mu su wane ne. Wana, Malam Haruna, limami ne a Kuceri, wajen Tsafe, kamar yadda mahaifinmu ya kasance. Ni aka bayar boko tun ina ƙarami, na yi jami'a a Zariya, yanzu ni malamin gona ne. Da Hamidu ya ci jarrabawar shiga sakandare wana bai so ba, ni na tsaya masa, na ɗauki alkawarin yaron ba zai komo gida da abin kunya ba. Hamidu ɗan fari ne, saboda haka ubansa ba ya faɗin sunansa, ba ya kuma yi masa magana kai tsaye. Yaron nan naka yake ce mini. Duk abin da zai wuce tsakaninsu ta bakina yake bi.

Bara, da suka zaɓi darussan jarrabawar ƙarshe, Hamidu ya ce mini ya ƙara da kiɗa. Na ɗauka irin na Turawa ne, a ɗaki, da fiyano da takarda, sai na amince ban tsananta tambaya ba. Su huɗu ne kacal a darasin. Mai koyar da su wani Malam Lukuman ne, mutumin Ilori. Hamidu ya taɓa ce mini jarrabawar tana bukatar kowane ɗalibi ya kawo wani kiɗa na ƙasarsu, ya rubuta shi da alamomin kiɗa, ya yi bayaninsa. Daga bakinsa kawai na ji wannan, ban tabbatar ba.

Ga abin da ya hana ni sakewa. Na bincika, na tarar duk Asabar da zai fita, cewa yake yi a makaranta gidana zai zo, bai kuwa zo ba. Da sunana yake buɗe ƙofa. Shi kuma Malam Lukuman yana da rikoda, yana yawon ƙauyuka yana ɗaukar kiɗe-kiɗe, ga Hausarsa ba ta nuna ba. Ina zargin, ko da yake ba ni da hujja, cewa ya mayar da yaron tafinta ne don wani aiki na kansa, ya lulluɓe abin da sunan jarrabawa. Dalhatu kuwa, an gaya mini 'ya'yansa maza duk sun shiga masaƙa a Gusau, babu mai gadon gangar. Makaɗin da ba shi da magaji ba ya rasa dube-dube.

Goron nan ya fi komai tsaya mini a rai. A wurinmu makaɗi ba ya ba ɗan liman goro, karɓa yake yi. Wanda makaɗi yake ba goro shi ne yaronsa, mai ɗaukar masa ganga, daga cikin abin da aka samo a wurin roƙo. Idan har an kai nan, to ba karatu ake yi ba.

Adalci ya sa in faɗi ɗaya gefen. Yaron bai ja baya a lissafi ko kimiyya ba, ba ya wasa da salla, malamansa ba su kawo ƙararsa ba. Ni ma ba mai raina ganga ba ne. Na sha ganin gonar da za ta ci kwana biyu an gama ta kafin azahar saboda kiɗa. Amma abin da na sani a ofis dabam, abin da za a faɗa a ƙofar masallacin Kuceri dabam. Yaron yana da ƙanne mata, kuma ka san tambayar da ake yi kafin a kai goron neman aure.

Maganar ta riga ta isa gida. Wani falken shanu na Bilbis ya gan su, ya yi zancen a kasuwar Tsafe. Wana ya aiko cewa zai zo Gusau bayan Juma'a mai zuwa, amsa ɗaya yake so: yaron yana bin maroƙa ko ba ya bi. In yana bi, ranar zai tafi da shi gida, da jarrabawa ko babu. Ba zai tambayi kowa ba sai ni, domin ya san ban taɓa yi masa ƙarya ba. In na ce i, shekara biyar ta zube. In na ce a'a, daga baya ta fito, na sa mai jan mutane salla ya rantse a kan abin da ba haka ba. Ban yi wa Hamidu magana ba tukuna, don ina tsoron ya ƙara mini wata ƙaryar in rasa inda zan ajiye ta.

Me zan gaya wa wana?

Na san masu rubuto maka sukan ɓoye suna, amma shaida ba ta tsayuwa babu suna. Na sa sunana na yanka, wanda kaɗan ne suka san ni da shi.

Mas'udu, Gusau.

Gyara ɗaya. Na rubuta cewa Dalhatu ya ba shi goro. Da na sake karantawa na ga na wuce abin da na gani. Na ga hannu biyu sun haɗu, da farin goro a tsakani, rana kuma tana idona. Ba zan iya rantsuwa a kan wanda ya miƙa da wanda ya karɓa ba.

Amsar Malam Jibo

Malam Mas'udu, wa alaikumus salam. Gyaran da ka maƙala a ƙarshe ya fi sauran wasiƙar nauyi, na kuwa gode da ba ka share shi ba. Ka gina ɗaki a kan goro guda, sa'an nan ka ce ba ka san daga hannun wa ya fito ba. In Hamidu ne ya miƙa, abin da kowane ɗan mutunci yake yi ke nan idan ya je neman sani wurin dattijo. Mai neman zama yaron makaɗi ganga yake ɗauka, ba alƙalami ba.

Ban wanke yaron duka ba. Fita da sunanka laifi ne, ka yi masa faɗa a kai, kada ka haɗa shi da maganar kiɗa. Sai dai ka tambayi kanka abin da ya sa ya ga ƙarya ta fi sauƙi a kan ya ce maka Bungudu zai je. Mutumin da ya tura babur har bayan gari don kada a ji shi, ba abin mamaki ba ne ɗansa ya iya zagaye.

Wanka ma ba shi da laifi. Limami da mutuncinsa yake jan sahu, kuma bakin ƙauye ba ya jiran hujja. Tsoronsa na gaskiya ne, kada ka je masa da hujjojin jami'a.

Kana da kwanaki kafin ya zo, ka yi amfani da su. Ka fara zuwa wurin shugaban makarantar, ka nemi a nuna maka abin da jarrabawar kiɗa ta ƙunsa. Rabin zarginka zai mutu ko ya tabbata a wannan zama. In ta bayyana Malam Lukuman aikinsa yake yi da yaron, a gaban shugaban za ka tsayar da abin, ba sai an taɓa sauran darussan ba. Bayan haka ka kira Hamidu gidanka, ku ci tuwo, ka gaya masa ka gan shi, ka tambaye shi goron. Ko da ya ce shi ya karɓa, saurayin da tsoho ya miƙa wa abu ya rasa yadda zai ƙi bai zama maroƙi ba. Ka gindaya masa iyaka: ba ya buga ganga a gayya ko biki, ba ya karɓar ko ƙwayar gero, ranar da aka gama jarrabawa zuwa Bungudu ya ƙare sai da saninka. Kalmar Malam kuwa ka bar masa ita. Duk wanda ya koya maka abin da ba ka sani ba ya ci sunan a wannan zaman, ba zai rage wa limamin Kuceri komai ba.

Sauran aikin naka ne, kai da ka san ma'anar hannun da ke sama. Ka sayi ƙwaryar goro mai kyau, ka kai wa Dalhatu da rana tsaka, lokacin da ƙofarsa take da mutane. Ka yi sallama da ƙarfi, ka faɗi gidan da ka fito, ka ce ladan koyar da ɗanku ne. Falken da ya kai labarin farko Tsafe zai sami na biyu ya kai. Daga ranar kowa ya san gidan liman ne yake bayarwa, shi ma tsohon ya san ɗalibi aka ba shi aro, ba magaji ba.

Idan Malam Haruna ya zo, kada ka ce masa i, kada ka ce a'a. Ka faɗa masa abin da ka gani kamar yadda ka faɗa mini, har da gyaran, ka ƙara da abin da ka ji a makaranta da abin da ka kai Bungudu. Sa'an nan ka roƙe shi watannin da suka rage, ka ce in wani abu ya ɓaci a cikinsu, kai da kanka za ka kawo yaron gida. Malami ne, ya san ba a yanke hukunci da shaidar da mai ita ya ce rana tana idonsa.

Allah ya ba Hamidu sa'ar jarrabawa, ya sanyaya zuciyar mahaifinsa, kai kuma ya sauƙaƙa maka wannan Juma'ar.

Malam Jibo