Surukina Ya Yi Mani Birki da Fatar Garkuwa

Malam Mai Zaure, salamu alaikum.

Don girman Allah ka agaza mani da shawara, kuma ka hanzarta, don ranar da nike tsoro ta matso. Ka yi haƙuri da tsawon takarda, ni direba ne, ban saba yanke hanya ba.

Ina da wata tsohuwar kitika, ƙaramar motar kaya mai buɗaɗɗen baya, wadda ni da yayana munka saya hannun wani Bature mai sayen fata da zai koma ƙasarsu. Da ita nike kwaso fatu daga ƙauyuka in kawo birnin Sakkwato. Ta tsufa, ban musa ba. In ta tashi da safe duk unguwa sai ta sani, ƙofarta ma da igiya nike ɗaurewa. Amma ba ta taɓa kwana da ni daji ba, kuma ita ke ciyar da gida biyu.

Da kaka birkinta ya fara gardama. Ga wanda bai sani ba, cikin ƙafar mota akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe da muke ce ma takalmin birki. A bayanshi an manna wata saƙaƙƙiyar ɗamara mai tauri, laini sunanta, ita ke damƙe ƙafar in an taka. To lainin nan ya cinye sarai, ƙarfe ya koma cin ƙarfe.

Ba inda ban je ba. Kantin Turawa na nan birni, akawu ya juya abin ya yi dariya, ya ce irin wagga mota an daina yin ta tun shina makaranta. Na sa an rubuta Kano, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Na bi wata mota har Gusau, wani makanike ya ba ni takalmin wata mota daban ya rantse zai shiga, na dawo ya ƙi shiga ko da guduma. Sannan anka ba ni labarin wata irin tawa sak da ta mutu garkar wani hakimi, nan ƙofar gidanshi, har kaji na ƙwai cikinta. Na je na faɗi na yi gaisuwa, ya ce motar marigayi mahaifinshi ce, ko ƙusa ba a cirewa. Ban ga laifinshi ba. Mota ta zauna, fatu na wucewa bisa jakunan wasu ina kallo.

Nan surukina ya shigo maganar. Ba ni faɗin sunanshi, ka san dalili. Baduku ne a Dundaye, ƙetaren gulbi. Malam, ban taɓa ganin mutum irinshi ba. Tun kafin zuwan Nasara shi ke yi ma mayaƙa garkuwa, tsofaffi kuma sun ce wadda duk ta fito hannunshi kibiya ba ta wuce ta. Da yaƙi ya ƙare sana'ar ta mutu, ya koma ɗinkin guga da takalma, ba wanda ya taɓa jin kukanshi. In ya ji gugar da ya ɗinka ta fara yoyo, ko bara ya yi ta, shi ke aikawa a kawo mashi. Da zai ba ni ɗiyarshi bai tambayi abin da na mallaka ba, abin da ya tambaya shi ne ko tuƙi na hana ni salla.

Ni da shi kuwa ka san al'ada. In na hango shi sai in sake hanya, in babu dama in tuɓe takalmi in durƙusa, kai ƙasa. Tun da anka ɗaura aure ban taɓa duban tsakar idonshi ba. Duk maganarmu ta bakin Mode take bi, abokina maƙeri da ke aiki kusa da rumfar tsohon.

Mode ne ya kai mashi takalmin birkin ban sani ba. Ya ce tsohon ya juya shi, ya shinshina, ya tambayi aikin da yake yi. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da ƙirgin ɓauna da ya ajiye tun zamanin garkuwa, na ƙarshe da ya rage mashi. Mai ɗakina ta ce tun suna yara ko taɓa shi ba a bari su yi. Wanga ƙirgin ne ya sa ma wuƙa. Ya jiƙa, ya buga, ya lanƙwasa shi bisa ƙarfen, Mode ya kafe da ƙusoshin jan ƙarfe. Da na ga aikin wallahi sai da ƙwalla ta zo mani, ya zauna cif kamar can anka halicce shi. Saƙon da ya haɗo da shi gajere ne: "A gaya ma mai mota, fata tana magana. In ta yi a faɗa mani." Na ce a raina tawali'u ne irin nashi.

Kuma birki ya kama. Makonni ina yawo, in na taka sai ta tsaya cak. Labari ya bazu har mutane sunka sa ma motar suna Garkuwa. Rumfar da dā ba mai zama sai ga dattawa na zuwa kallon ragowar ƙirgin. Mode ya ce ya ga tsohon shina dariya har dasashi, abin da ya daɗe bai gani ba.

Ran kasuwar da ta wuce, da azahar, rana kamar ta fasa kai, na yi lodi har sama na kamo gangaren da ke sauka mashigin gulbi. Ina takawa ina takawa, sai na ji ƙauri kamar ana babbakar kai da ƙafa. Daga nan birki ya saki. Can ƙasa ga mata na wanki, ga shanu na shan ruwa. Allah ya ba ni dabara na karkata cikin rairayi, ta nutse ta tsaya. Ba wanda ya ji ciwo, wasu ma sun ɗauka gwaninta ce. Na daɗe zaune cikin mota ina salati. Da ni da Mode munka kwance ƙafar, munka iske fatar ta ƙone ta yi sulɓi kamar gindin tukunya.

Ga inda gizo ke saƙa. Mai ɗakina tana Dundaye wankan haihuwar fari, arba'in ta kusa. Tsohon ya aiko cewa a motar za a maido ta da jariri da gara, ita gaba, shi kuma ya hau baya bisa kaya ya rako su. Mutumin da ya sha cewa ba shi shiga abin Nasara, yau ya ce wagga kam zai shiga tunda da hannunshi ciki. Duk Dundaye ta ji. Daga can ɗin ma gangare ne har gulbi, ba wata hanya.

Mode ya ce bakinshi ba ya iya faɗa ma tsohon, a sake sa ragowar ƙirgin kawai a bi a hankali. Yayana ya ce in ƙirƙiro wata lalacewa in jingina ma inji. Hajjo, taubashiyar tsohon wadda ba ta raga mashi, kullum tana tsokanarshi wai ya zama makaniken Nasara, ita ma ba ta san abin da ya faru ba. Zuciyata ta ƙi shawarar Mode, ta ƙi ta yayana. Amma da wane baki zan aika ma wanga bawan Allah cewa abin da ya ɓoye shekaru, ya yanka domina, ya zama gawayi? Ina ƙaunarshi, Malam, fiye da yadda al'ada ta yarda in nuna. Ina zan samo lainin ƙwarai, kuma mi zan ce mashi?

Naka,
Direban Garkuwa, Sakkwato

Wa alaikumus salam, Direban Garkuwa.

Ka ɓoye sunanka ka bar na motar, alhali duk Sakkwato an san ta. Jaridar nan tana isa garinku, saboda haka ka hanzarta, kada wani ya riga ka karanta wa tsohon.

Da farko, motar nan kada ta sake gangara ko'ina da fata a ƙafarta, sabuwa ko tsohuwa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ni ba makanike ba ne, amma na kai takardarka wurin wani da ya daɗe a aikin, ya ce birki da zafi yake aiki, ƙirgi kuwa komai taurinsa ba ya jure wuta. Mode mutumin kirki ne, sai dai shawararsa ba ta yi ba. Ta yayanka kuma ƙarya ce, ranar da ta fito fili sai ta fi gaskiyar zafi.

Game da laini, ya ce ka yi ta neman takalmi da sunan mota, shi ya sa kowa ke girgiza maka kai. Ƙarfen naka ƙalau yake. Lainin shi kaɗai ake sayarwa a naɗe kamar ɗamara, a kantunan kayan mota na Kano, a yanka wa mutum gwargwadon bukata. Kada ka sake rubuta takarda. Ka ba amintaccen mutum takalmi guda ya hau jirgin ƙasa daga Gusau, a gwada faɗi da kauri a gabansa, ya sayo na ƙafafun duka, don kada wata ta kama wata ta saki. A nutsar da kan ƙusoshin cikin lainin sosai. In an ɗaura, ka gwada a gangaren nan ba kaya, sannan da kaya, kafin wani rai ya shiga bayan naka. In arba'in ta riga laini isowa, a dawo da mai jego yadda aka dawo da iyayenmu. Sannu ba ta hana zuwa.

Kunyar da kake yi wa surukinka na yaba da ita, ba kuma zan ce ka je ka tsaya a gabansa ba. Tsoronka ma yana da dalili, don zai ji zafi, kuma dattawan rumfa za su yi magana. Amma al'adar da ta rufe maka baki ita ta ba shi taubashiya. Ka naɗe ƙonanniyar fatar a tsumma mai tsabta ka kai wa Hajjo, ka gaya mata komai, har matan da ke wanki a ƙasan gangare. Ita ta san yadda za ta shigar da ita cikin wasa ba tare da ta kayar da shi ba. Ta kuma kai masa roƙonka: in laini ya iso, shi zai auna, ya yanka, ya huda. Ba lallashi ba ne wannan, aikin yana son hannu, kai kuma ka ga irin nasa. Ka ga ke nan ranar da zai hau, da hannunsa a ciki da gaske.

Ka koma ka karanta takardarka. Kai ka rubuta cewa yana aikawa a kawo masa gugar da ta yi yoyo. Kai ka rubuta cewa ya ce in fata ta yi magana a faɗa masa, sai ka kira abin tawali'u. Umarni ne ya ba ka, irin na wanda ya san rai ake fakewa a bayan aikinsa. Fata ta yi magana, saƙon ya maƙale a hannunka. Mutumin da ya yanka ƙirginsa na ƙarshe don gidan 'yarsa ya ci abinci ba zai zaɓi ƙirgin a kan 'yar da jikan ba, kuma in ka ɓoye masa, kai ka yi masa zaɓin da ba zai taɓa yi wa kansa ba.

Allah ya raya jariri, ya ba mai jego lafiya, ya ƙara wa tsohon nisan kwana. Ya sa ranar ka taka birki a bakin gulbi ta tsaya cak, yana zaune a baya yana ji.

Mai Zaure