Kyankyason teku a rijiyar Vittin

Daren Laraba, Zogbeli, wata biyu da samun 'yanci

Ni, Babban Masanin Duwatsun Ghana kaf, ina sanar da duniya cewa yau an tono kyankyason teku a rijiyar da muke haƙa a Vittin.

Baturen da ke binciken ƙasa ne ya zo da shi daga bakin teku, wani ƙwaro da ya zama dutse tun kafin a yi mutane. Ya ce duk shimfiɗar dutsen da aka same shi a ciki, sa'ar ta bakin teku ce. Wata uku yana tankaɗe ƙasarmu bai samu irinsa ba. Na ce masa mu da launi muke gane shimfiɗa, ya ce in rufe baki in ja guga.

To, na ja. Na zare kyankyason nasa daga akwatinsa, na cusa a gugan laka. Da Baturen ya gan shi, har rawa ya taka! Sai da ya wanke shi ya ga lambar da ya rubuta da hannunsa.

Baba Seidu, ubangidanmu, ya ce, "Ɗan banza, gobe ka durƙusa masa ko ka ajiye diga."

Aikin ina so, wallahi. Haƙuri zan ba shi, amma a tsaye. Durƙuso ya sauka tare da tsohuwar tuta.

Ba wani Babban Masani. Ni ne Fuseini mai jan guga, da tawadar allo na rubuta wannan.