Akwatin Yaya Bitrus

Zuru, daren Laraba

Yau sojoji biyu suka kawo akwatin Yaya Bitrus. Takalmi, bargo, Littafi Mai Tsarki. Shi kuwa sun ce an binne shi can inda ya faɗi.

Gida ya cika, kowa "sai haƙuri," kowa "lokaci ne." Kawu ko a zaman makoki bai ƙyale ni ba: "A gidan nan namiji kaki yake sawa. Kai ka ɓata shekara huɗu a jami'a, wai falsafa. Ko kaza ta saya maka?"

Da mutane suka ragu, Mama ta kira ni ɗaki. "Kai da ka yi karatun tunani, gaya mini, saboda me ɗana ya mutu?"

Maganganu masu daɗi suka cika mini baki. Sai na tuna malaminmu da ya hana mu faɗin abin da ba mu tabbatar ba. Na ce, "Mama, ban sani ba."

Ta daɗe riƙe da hannuna. "Tun safe kai kaɗai ne ba ka yi mini ƙarya ba."

Ribar karatuna ke nan, kuma ba na raina ta.

Kawu kuwa ya ce takalmin Yaya daidai ƙafata ne.