Ban Yi Miki Shiru Ba, Umma

Zuwa ga mahaifiyata, Umma.

Assalamu alaiki. Ina gaishe ki a durƙushe, yadda kika koya mini, ko da yake na san inda kike takarda ba ta zuwa. Yara suna lafiya. Babansu ma lafiya lau, har ƙiba ya yi. Masu karanta wannan a shafina su yi haƙuri, raina a ɓace yake, kuma yau ba zan ɓoye ba.

Kin san tun da korona ta zo aka kulle mu a gida nan unguwar Cheras a Kuala Lumpur, komai ya koma intanet. Makarantar yara, aikin ofis, har tafsirin azumi. Mutane na kuka, kasuwar mijina Baban Amira kuwa ta buɗe. Na'urorin da ake haɗa wa gida intanet da manyan naɗin wayar kebul yake saye a Sentul, wata unguwa a nan, ya tura wa ɗanki Sanusi a Kano, shi kuma ya bi ofisoshi da gidajen masu hali yana sakawa. Falona ya koma sito. Katan har rufi, sallah ma sai na ture wasu kafin in shimfiɗa darduma. Da hannuna nake ɗaure su. Kullum sai ya juyo mini da kwamfuta ya nuna mini wani layi yana hawa sama, yana cewa, "Market ɗin nan bai ma fara ba, baɗi sai abin da ya ƙaru."

Bakina har ya gaji da roƙonsu su ware guda ɗaya tak su sa a gidanki. Mijina ya ce, "Boleh, boleh, kaya na gaba," wato za a yi, da yaren mutanen nan. Sanusi ya ce, "Yaya, Umma me za ta yi da intanet? Bari in sallami kwastomomi tukuna." Alhali shi da kansa ya ja wa makarantar kuɗin da ke bayan gidanmu waya, ta bi ta kan katangarki ta wuce. Kina zaune a tsakar gida kina kallonta.

Haka muka ci gaba da lallaɓawa da wayar ƙanwarki Inna Ladi, wadda sai an fito ƙofar zaure take kama sabis. Da ciwo ya kwantar da ke, ba ki iya fitowa zauren.

Ranar ƙarshe nan la'asar ce, ku kuma safiya. Inna Ladi ta kira ni ta bidiyo daga ɗakinki. Na gan ki kin rame, na gaishe ki, kika amsa. Sai hotonki ya tsaya cak, hannunki a ɗage. Na yi ta kiran Umma, Umma, har Amira ta fito daga ɗaki. Kiran ya yanke. Na yi ta gwadawa har magariba, bai ƙara shiga ba.

Washegari Sanusi ya kira ni daga ofishinsa ya faɗa mini kin cika. Muryarsa tar, kamar yana zaune a falona.

Jirgi ba ya tashi, balle in zo. Ban wanke ki ba, ban ga makararki ba. Wannan na ɗauke shi ƙaddara, na haƙura. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne na ranar sadakar uku. Da hantsi ɗaya Sanusi ya sauko da wayar nan daga kan katanga, ya kafa na'ura a ɗakinki, wai don abokan kasuwancinsa na waje su samu yi masa ta'aziyya. Hantsi ɗaya, Umma! Ashe iyakar aikin ke nan.

Ta wannan layin mai kyau Inna Ladi ta faɗa mini abin da ban ji ba. Ta ce bayan gaisuwa kin ɗaga hannu kin kira sunana. Ni 'yar farinki, da tun da na yi wayo sai dai ki ce "ke" ko "'yar nan", ranar kika ce Hadiza. Kika ce kin yafe mini duniya da lahira, ni ma in yafe miki. A wajenku kuma nawa hoton ne ya tsaya. Fuskata na nan, ido a buɗe, na zuba miki su, baki a rufe. Kika jira. Inna Ladi ta ce miki sabis ne, kika ce, "Wane sabis, ga ta nan ina ganinta?" Kika ƙara jira. Daga nan kika juya fuska bango kika ce, "Kashe, Ladi. Wataƙila akwai abin da na yi mata."

Umma, yaushe na taɓa tsayar da idona a cikin naki?

Tun ranar ban ɗaga kiran Sanusi ba. Na san ba za ki so haka ba, kuma na san zan sauko, amma ba yanzu ba. Baban Amira kuwa na ce ya kwashe kayansa daga falona ya nemi mai ɗaure masa. Ya ce kasuwa ba ta jira. Na ce na sani, ai na gani.

Umma, saurare ni. Ban yi miki shiru ba. A lokacin nan sunanki nake kira har muryata ta dushe. Ba ki yi mini komai ba, tun daga goyo har ranar nan, sai alheri. In ma akwai wani abu da kike tunawa ni na manta, na yafe, na yafe, na yafe.

Allah Ya isar miki da wannan amsar, Shi da babu abin da ke yanke saƙonSa. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata shi, Ya sanyaya mini zuciya a kan ɗan'uwana. Ya haɗa mu a Aljanna, ki sake kiran sunan nan in amsa.

Taki har abada,
Hadiza, 'yar farinki.
Cheras, Kuala Lumpur.