Ƙafa Uku a Gonar Hayatu

Anka, 16 ga Oktoba, 1983

Zuwa ga Yayana Dikko, a Gummi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina tambayar lafiyarka da ta Asabe da yara. Mu nan sai godiyar Allah.

Ɗanka Hayatu ya rasu ranar Talata, 9 ga Agusta, bayan la'asar, da zazzaɓin da ya dawo da shi daga aikin safiyo a Bukkuyum. Ya bar tufafinsa, da madubin hangen nesa, da ƙafa uku ta katako wadda yake ɗora na'urar awon ƙasa a kanta, da gonar dawa da ya shuka da hannunsa a bayan gari. Gonar ce dalilin wasiƙar nan. Birai sun gano ta, ni kuma na ƙudurta ba za su ci ta ba.

Bindigar da ka aiko ta iso. Sai dai tun watan Agusta hannuna ba ya tsayawa wuri ɗaya, likita kuma bai ga komai ba. Saboda haka na kafa ƙafa ukun a bakin gona, na ɗaure bindigar a kanta da roba, na ɗaure madubin a saman bindigar. Na daɗe ina daidaita su, domin mutumin da ya koyar da lissafi har ya yi ritaya ba ya harbi a karkace. Da na leƙa madubin ban ga komai ba sai gashi. Ashe babban birin ne zaune a gabana, yana cin zangarniya yana jiran in gama. Kafin in kwance robar in juya bindigar, ya ɗauki ta biyu ya tafi, ba gaggawa.

Mahaifiyarsa Rabi, uwargidana, ta ce in bar wa Allah. Na ce na bar masa, amma gobe ma zan koma.

Ƙaninka,
Bello

Anka, 27 ga Nuwamba, 1983

Yayana Dikko,

Bayan gaisuwa da fatan ciwon gwiwar ya yi sauƙi, ga bayanin gona.

Ban yi la'akari da cewa a ƙasar nan duk inda aka kafa ƙafa uku, gwamnati ce ke zuwa ba. Wani mai jaki ya gan ni ina leƙe, kafin azahar labari ya kai kasuwa cewa kwalta za ta bi ta nan. Washegari Ardo Shitu ya zo da ƙwaryar nono yana roƙon kada titin ya ci burtalin shanunsa. Tsoho mai shayi ya kawo zakara, yana so titin ya bi ta ƙofar rumfarsa. Na bayyana musu dalla-dalla cewa birai nake fako, na nuna musu bindigar. Ardo ya yi murmushi, ya ce ya fahimta, manyan ma'aikata ba sa faɗin sirrin gwamnati kafin lokaci. Na mayar da zakaran, sai Ardo ya kawo rago.

Daga nan kullum jama'a na zaune a bakin gonar suna gardama kan inda gada za ta kasance. Wata mata ta fara toya ƙosai. Birai kuwa, da suka ga taro, sun koma kan dutse suna kallonmu daga nesa, ni ma ina kallonsu ta madubi. Ban harba ko harsashi ɗaya ba.

Jiya muka yanke dawar, masu jiran titi ne suka taya ni. Zangarniyoyin sun yi kyau ƙwarai. Rabi ta ɗauki ɗaya ta shiga ɗaki, ban bi ta ba.

Zan aiko maka da bindigar da dami guda ta hannun direban motar Gummi. Ragon Ardo yana nan, ya ƙi karɓa.

Abu ɗaya ya rage. Hayatu ya fi ni tsawo, kuma ƙafafun suna nan a tsawon da ya bar su. Duk kwanakin nan a kan turmin Rabi nake tsayawa in kai ga madubin. Kusoshi uku ne kawai za a sassauta a naɗe ta, na san yadda ake yi. Ban yi ba tukuna.

A gaida kowa da kowa.

Ƙaninka,
Bello