Iskar Tsamiyar Baba Goni

Daren Laraba, Haɗeja.

Kaina ya ɗaure. Yau ofis ya tura ni wani ƙauye a Auyo in yi wa manoma bayanin sabuwar rajistar gwamnati. Wai bishiya na zuƙe gurɓatacciyar iska, za a shigar a kwamfuta, kamfanonin waje su saya. Kabon suke ce mata. Na rasa Hausarta, na ce "iskar da ke cikin bishiya."

Baba Goni, mai tsamiyar bakin fadama, ya zaro ido. "Malam, iskar tsamiyata za ku sayar? Tun zamanin kakana suke ciki, ba su taɓa mu ba, ba mu taɓa su ba. Wa zai gaya musu an sayar da su?"

Na ce, Baba, ba waccan iskar ba.

Ya ce ana ganinta? A'a. Ana auna ta a mudu? A'a. Mai saye zai zo ya ɗauka? A'a.

"To ai ita ce."

Taro ya watse, ba wanda ya yarda a rubuta bishiyarsa. Gobe oga zai tuhume ni. Wallahi har yanzu neman bambancin nake yi.