Ƙafar Saude da Takardar Gwajin Jini

Zuwa ga Babban Likitan asibitin da 'yata Saude take kwance,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya da iyali. Mu a Badafi, maigida lafiya lau, jaririn Saude yana shan madarar gwangwani yana rayuwa. Ni ba na iya cin abinci. Saude tana gado na huɗu a ɗakin mata, yatsunta uku na ƙafar hagu da aka yanke suna cikin ramin da ma'aikatanka suka haƙa.

Na ɗaya. Kwana shida da haihuwarta zazzaɓi ya kayar da ita, muka kawo ta ranar Litinin. Aka ce ƙwayar cuta ta shiga jininta. Na nuna ƙafar da ta kumbura, aka ɗebi jini don gwajin da ke nuna ko gudan jini yana narkewa a jijiya. Lambar ta fito sama sosai. Likitan ranar ya ce kada mu damu, duk mai jego da duk mai irin wannan zazzaɓi haka lambarsa take hawa, gwajin ba abin dogaro ba ne a kansu. Bai sa an ɗauki hoton ƙafar ba.

Na biyu. Ranar Juma'a yatsun suka yi baƙi. Wani likitan ya ɗaga takardar wannan gwajin dai, ya ce ai tun Litinin ta nuna akwai gudan jini. Maimakon ya nemi abokin aikinsa, ni ya juyo wa. A gaban mijinta da matan ɗakin ya ce ruwan zafin wankan jego da na yi mata ne ya dafa ƙafar. Yanzu surukaina ba sa amsa gaisuwata.

Na uku. Da za a yanke yatsun, nas ta kama babban yatsana ta dangwala a tawada ta buga a takardar amincewa, ba ta tambaye ni ko na iya rubutu ba. Ina da shekara arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci a Ƙiru. A hankali nake karatu, amma na ga ranar da ke kan takardar gwajin nan, na kuma kwafe ta.

Ranka ya daɗe, an ce ranar Alhamis za a sake wannan gwajin, da shi za a yanke shawarar ci gaba da maganin tsinka jinin da ake ba ta ko dakatar da shi. Ina roƙo a ɗauki hoton ƙafar tukuna. Ina roƙo ka rubuto mini wanne likitan ne ya faɗi gaskiya, don in karanta wa surukaina da bakina.

Allah ya ba ka lafiya, ya tsare 'ya'yanka daga gado na huɗu. Ina jiran amsa kafin Laraba ta wuce. Kafin nan, duk takardar da za a kawo a kan Saude, a kawo mini ita da biro.

Wassalam.
Talatu, mahaifiyar Saude